Mai Lasisi, Wanda Yake Shiga Kafin Ɓarawo

Idan ya idar da sallar asuba ya sha shayinsa, abu na farko da yake yi shi ne neman tabarau. Guda biyu gare shi, na karatu da na tafiya, kuma kusan kullum wanda ba ya nema shi ke fara zuwa hannunsa. Daga nan sai ya jawo baƙar jakarsa, wadda zif ɗinta ya daɗe da mutuwa, ya leƙa ya tabbatar komai na nan: kwamfutar hannu, caja, wayoyin netwok a naɗe, da takardar izini a cikin leda. Ya sa riga marar ado, irin wadda in ka gan shi da ita a layin banki ba za ka sake waiwayarsa ba. Sai ya leƙa ɗaki ya ce wa maiɗakinsa ya fita, ita kuma ta ce a dawo lafiya, Allah Ya sa kada a kama shi.

Wasan da suke yi ke nan tun yaransu suna ƙanana. Ita ce ma ta laƙaba masa sunan da ya bi shi. Wata rana ƙawarta ta tambaye ta aikin mijinta, ta rasa ta inda za ta fara bayani, sai ta ce ai ɓarawo ne, amma mai lasisi. Maganar ta fita daga falo ta shiga unguwa, daga unguwa ta bi shi wurin aiki, har ta kai yau jikokinsa ma Mai Lasisi suke ce masa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin idanunsa sun fara gajiya da ƙananan rubutun fuskar kwamfuta. Ba za a yi taro ba, ba za a miƙa masa lambar yabo ba. Shi ya sa ya dace a faɗi wani abu a kansa tun yana ji da kunnensa.

Ga yadda aikin yake. Kamfani ko ma'aikata za su kira shi su ce, ga kwamfutocinmu, duk a haɗe suke da juna a cikin gida, muna so ka yi kamar kai mai kutse ne da ya riga ya samu shiga, mu ga iya inda za ka kai. Wasu masu irin sana'arsa daga waje suke gwadawa, su ga ko katangar za ta hauru. Shi nasa yana farawa ne bayan an haura. Yakan ce wa masu ofis kowa ya iya kashe kuɗi a kan get, amma wata rana sai ma'aikaci ya danna saƙon da bai kamata ba, ko baƙo ya samu soket a ɗakin jira, shi ke nan an shigo. Abin da ya kamata su sani shi ne, wanda ya shigo ɗin a tsakar gida zai tsaya, ko har uwar ɗaka zai kai.

Sai a ba shi kujera a wani lungu, ya jona wayarsa, ya yi shiru. Ba ya fara taɓa komai, saurare yake fara yi, domin a cewarsa kwamfutoci surutu gare su kamar yaran aji in malami ya fita. Wannan tana kiran sunan waccan, firinta tana shelar cewa ga ta nan, wata tana cigiyar wadda aka daɗe da jefarwa. Daga surutun nan yake gane su wa ke gidan, wace ce babba, wace ce aka manta da ita. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya samu a buɗe ya leƙa, in ya tsinci kalmar sirri a ciki ya gwada ta a ta gaba. In ya kai ƙarshe, ya mayar da komai yadda ya same shi, ya zauna da masu wurin ya nuna musu hanyar da ya bi da yadda za a toshe ta.

A hanyar nan idonsa ya gane masa abubuwa da yawa: albashin manya, takardun korar da ba a riga an miƙa ba, saƙonnin da masu su za su so ƙasa ta tsage su shige in aka karanta. Wani akanta da ya taɓa aiki da shi ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne, mutumin nan ya san abin da kowa yake ɗauka a wata, amma gaisuwar da yake yi wa shugaba ita yake yi wa mai shara, babu ƙari babu ragi. Maiɗakinsa kuwa cewa take ta yi shekaru tana jan bakinsa ko zai ɗan gutsura mata gulma, amma mutumin nan ko a mafarki ba ya sambatu.

Sai dai labarin da ya fi nuna ko shi wane ne, ba a wurin da aka kira shi aiki ya faru ba. Shi ya kai kansa. Waɗanda suka shaida abin su ne suka ba da labarin, kuma shugaban wurin da kansa yanzu yana ba da shi a gaban 'yan'uwansa shugabanni, don haka ba sirrin kowa aka tona ba.

Shekarun baya, Malama, wato maiɗakinsa, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da lissafi, ta kamu da ciwon ƙoda. Aka sa ta a wankin ƙoda a wani babban asibiti. Shi ke kai ta, ya zauna gefen gadonta har injin ya gama. Ɗakin a hawa na sama yake, gadaje a jere, kowane da injinsa yana ƙara a hankali, ga warin maganin goge daɓe, ga talabijin a bango da ba mai kallo. Malama takan ji sanyi in wankin ya yi nisa, sai ya rufa mata bargo, ya murza mata ƙafa, ya karanta mata jarida har barci ya ɗauke ta.

In ta yi barci kuma sai idonsa ya fara yawo. Ya ga soket ɗin netwok a bayan kujerar masu jinya, ko murfi babu. Ya ga kwamfutar teburin nas-nas a buɗe tun safe, kowa ya zo ya danna ya wuce, duka da suna ɗaya suke shiga. Ya ga kalmar sirrin waifai an rubuta ta ɓaro-ɓaro an manna a bango don baƙi, kuma ya lura da shi ɗin dai ma'aikata ke aiki. Bai taɓa komai ba, amma Malama ta san mijinta. Wata rana ta buɗe ido ta kama shi yana kallon soket ɗin.

“Malam, hannunka ƙaiƙayi yake ko?”

“Yana yi,” in ji shi. “Amma in na jona ba da izini ba, sunan da kika sa mini rabinsa ya faɗi, saura ɓarawon kawai.”

Ya fara neman izinin ta wurin Injiniya, magidancin da shi kaɗai ke kula da kwamfutocin asibitin, tun daga saba, wato babbar kwamfutar da ake ajiye bayanan kowa, har zuwa rimot ɗin talabijin in ya ƙi aiki. Ya same shi a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene, tsakanin matattun kwamfutoci da tarin wayoyi, ya yi masa bayani a mutunce. Injiniya ya ɗauka an zo nuna masa bai iya aikinsa ba ne, ya ce masa Baba ya je ya ji da marar lafiyarsa. Mai Lasisi ya je ofishin gudanarwa, suka ɗauka kwangila yake nema. Da ya ce kyauta zai yi, sai zarginsu ya ƙaru.

Wadda ta buɗe masa hanya ita ce Sista Babba, shugabar nas-nas ta sashen ƙoda, mace mai faɗa da tausayi a haɗe. Ta taɓa ganin ranar da kwamfutar ɗakin gwaji ta tsaya na ɗan lokaci, ta ga yadda aka rasa sakamakon jinin mutanen da ke kwance, don haka ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Ta je ta tsaya a gaban Babban Likita ta ce masa ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san mutane, kuma mutumin da ta daɗe tana gani yana murza ƙafar matarsa ba zai cuci marasa lafiya ba. Babban Likita ya bincika a wuraren da Mai Lasisi ya yi wa aiki, ya ji abin da ya gamsar da shi, ya amince. Mai Lasisi da kansa ya gindaya wa kansa sharuɗɗa: ba zai kusanci duk wani injin da ke jone da jikin mutum ba, ba zai buɗe bayanin marar lafiya ko ɗaya ba, kuma ba zai fara ba sai Injiniya na zaune kusa da shi yana ganin duk abin da yake dannawa. Injiniya ya so ya zille, aka ce masa umarni ne.

Ranar gwajin ta faɗo a ranar wankin Malama, domin ita ce ranar da dama yake wuni a asibitin. Ya raka ta sama, ya jira aka jona ta, ya gyara mata bargo, sannan ya sauko ɗakin jiran ganin likita. Ya zauna tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mai tari, ya zura wayarsa a soket ɗin da ke bayan tulun ruwan sanyi. Injiniya ya jawo kujera ya zauna ya harɗe hannuwa a ƙirji, yana kallon silin.

Tun a sauraren farko ya gane cewa asibitin duka a tsakar gida ɗaya yake. Daga kujerar nan ta ɗakin jira yana jin kwamfutar mai karɓar kuɗi, da ta ɗakin magani, da ta ɗakin gwaji, da ta ɗakin hoto, babu shamaki tsakaninsu. Ya nufi firintar ofishin kati, ya gwada kalmar sirrin da ake sayar da irinta da ita, ta buɗe. A cikinta ya samu suna da kalmar sirrin da take amfani da su wajen kai takardun da aka ɗauki hotonsu cikin saba. An ba wannan suna ikon da ya fi ƙarfin firinta, don dai a huta da ƙorafin cewa abu ya ƙi shiga. Da shi ya buɗe ma'ajiyar da ma'aikata ke zuba fayil-fayil, a can ƙasa ya tsinci wani tsohon fayil na girka kwamfutoci, kalmar sirrin mai kula da gidan duka tana kwance a ciki. Ya gwada ta a kwamfuta ɗaya, ta buɗe, ya gwada a wata, ta buɗe. Kafin a kira azahar yana tsaye a cikin saba.

Injiniya ya daɗe da sauke hannuwansa. Ya fara bayani da sauri cewa ya sha neman a saya masa na'urar raba netwok aka ce babu hali, kuma shi kaɗai ne, in yana gyara wannan ana kiransa a can. Mai Lasisi ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya ga irin wannan a wuraren da ke da ma'aikatan kwamfuta cike da ɗaki. Yana faɗin haka yana duba sunayen waɗanda ke da cikakken iko a kan sabar, sai ya tsaya a kan wani suna. An rubuta shi kamar na masu gyara, irin wanda ido zai wuce bai lura ba.

“Injiniya, wannan naka ne?”

Injiniya ya matso ya duba, ya ce bai taɓa ganinsa ba. Suka bi sawunsa tare. An ƙirƙire shi makonni kaɗan da suka wuce, yana shigowa ne ta wata kwamfuta a siton magani. Ya kashe tsarin da ke kwafar bayanai kullum don ajiyar ko-ta-kwana, ya goge tsofaffin kwafin da ya iya kaiwa gare su. Kuma a daidai lokacin da suke kallo, sunan nan yana aiki, yana ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a kwamfutocin asibitin ɗaya bayan ɗaya.

Mai Lasisi ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya san wannan shirin. Haka masu kulle bayanai su nemi fansa suke yi: su shigo su zauna shiru, su lalata ajiya, su baza kayansu ko'ina, sannan rana ɗaya su murɗa makulli. Daga baya Injiniya ya ce ya zaci zai ga mutumin ya ruɗe, ko ya yi murnar cewa maganarsa ta fito. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce gwaji ya ƙare, abin da ya rage ba shi ke da ikon yanke hukunci a kansa ba, a kai shi wurin Babban Likita yanzu.

Suka same shi ya fito daga tiyata ke nan, ko hular bai cire ba. Mai Lasisi ya faɗa masa abin da suka gani a taƙaice, ya ce shawararsa ita ce a yanke intanet nan take, a buga abin da ake buƙata na yau a takarda, sannan a kashe saba a raba kwamfutocin da juna har sai an wanke su. Babban Likita ya zauna. Ya ce asibiti cike yake, akwai tiyata da rana, akwai masu jiran ƙarin jini, in aka koma takarda da biro a tsakiyar yini ruɗanin kansa zai iya cin rai. Ya tambaya ko ba za a jira yamma ba, in mutane sun ragu, kuma ko yana da tabbacin yau za su kulle.

Mai Lasisi ya ce ba shi da tabbaci, zai iya zama yau, zai iya zama mako mai zuwa. Sannan ya ƙara da abin da wani a matsayinsa zai haɗiye. Ya ce shi ma tun safe yake ta buɗe ƙofofi a cikin gidan nan, in mutanen sun ga motsinsa za su san an gano su, kuma za su gaggauta. Wato gwajinsa na iya zama shi ya matso da ranar.

Babban Likita ya dube shi ya ce, “Malam, da a ce naka ne a kwance a nan, za ka ce a kashe?”

“Tawa tana sama, Likita, gadon da ke kusa da taga. Injinta zai gama aikinsa ko babu netwok, na tambayi Sista. Amma sakamakon jininta da ma'aunin maganinta suna cikin sabar nan tare da na kowa. In mu muka kashe, mu za mu kunna. In su suka kulle, ban san ranar buɗewa ba.”

Babban Likita ya cire hular ya ajiye a tebur, ya ce wa Injiniya ya je ya yanke. Injiniya ya sauka da gudu ya zare wayar waje da hannunsa. Aka kira shugabannin sassa, kowa ya buga abin da ba zai iya wuni babu shi ba, Sista Babba tana tsaye a kan firinta tana karɓar takardu da zafinsu. Daga nan aka kashe saba. Sai bayan an gama ne Mai Lasisi ya hau sama. Ya tarar an cire Malama daga injin, tana zaune tana jiransa, ta ce ta ji nas-nas suna cewa wani tsoho ya lalata kwamfutocin asibiti, ta ce a ranta ai ta san tsohon.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Aka koma rubutun hannu, masinjoji suna hawa da sauka da sakamakon gwaji, layin kati ya fita har bakin get, wasu suka yi fushi suka tafi. Wani mai jinya ya tsaya a gaban Mai Lasisi yana tsine wa duk wanda ya jawo wannan wahala, bai san da shi yake magana ba, shi kuma ya ba shi haƙuri ya nuna masa ofishin da yake nema. A zuwanta na gaba Malama ta daɗe a kan benci kafin a samo takardarta, jikinta ya kumbura, numfashinta yana sama-sama, har ta yi amai a leda. Sista Babba ta ce ranar ce kaɗai mutumin nan ya zo wurinta neman alfarma. Ya tambaye ta a hankali ko akwai yadda za a yi, sannan kafin ta amsa ya ce a bari, waɗanda ke gabansu ma jiran suke. Malama ta ce masa tunda shi ya jawo musu, sai ya zauna su ci layin tare. Ya zauna.

A lokacin babu wanda zai iya rantsewa cewa wahalar ta zama dole, har shi. Sai da aka ware wasu kwamfutocin siton magani da na ofishin kati a wani ɗaki, aka kunna su ba tare da netwok ba don a bincika. Washegari da safe Injiniya ya buɗe ɗakin ya tarar sun kulle kansu, kowace da saƙo a fuskarta ana neman fansa. Ashe an riga an sa musu lokaci. Saba kuwa, da yake a kashe take, ta tsira da duk abin da ke cikinta.

Da ƙura ta lafa, hukumar asibitin ta zauna neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma ba a sha wahalar samunsa ba. Aka kira Mai Lasisi ya ba da shaida, ana sa ran ya ƙarasa Injiniya. Bai ɓoye komai ba. Ya ce kalmar sirri ɗaya a kowace kwamfuta kuskure ne, barin firinta yadda aka sayo ta kuskure ne, kuma Injiniya ya san haka. Amma ya ce su tambayi kansu yadda aka yi mutum ɗaya yake gadin bayanan dubban marasa lafiya kuma shi ake kira in fanka ta tsaya. Ya ce mutumin nan ya san kowace waya a ginin nan da inda ta nufa, kuma tun ranar da abin ya faru bai je gida ya ci abincin rana ba. In suka kore shi za su kawo baƙon da zai fara tambayar ina ne ɗakin saba, kuma ramin da Injiniya ya faɗa yana nan yana jiran na gaba. Ɗaya daga cikin 'yan hukumar ya ce to shi ke nan babu mai laifi? Ya ce akwai, yana can waje yana neman wani asibitin, su kuma aikin da ke gabansu gyara ne.

Ba a kori Injiniya ba. Aka ƙaro masa abokin aiki, aka sayi abin da ya daɗe yana nema. Watanni suka yi suna raba gidan: baƙi da nasu netwok, ofisoshi da nasu, ɗakin gwaji da nasa, injinan jinya a killace, ajiyar ko-ta-kwana kuma a wurin da hannun mai kutse ba zai kai ba. Mai Lasisi yana saukowa ya taya su in Malama ta yi barci, ya koma kafin ta farka. Da aka gama aka ce ya sake gwadawa. Ya wuni yana zagaye, ya samu wata 'yar ɓaraka a wata tsohuwar kwamfuta, ya shiga, ya tarar babu inda za ta kai shi. Injiniya ya ce bai taɓa ganin wanda ya kasa abu yana murna haka ba. Yau in ka ga su biyun suna shan shayi a ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin bene, sai ka rantse wa da ƙani ne.

Marasa lafiyar wancan lokaci ba su san komai a kan wannan ba. Abin da suke tunawa shi ne makon da netwok ya lalace aka sha layi, wasu har yau in an tuna sai sun yi tsaki. Malama na nan, ana ci gaba da wanki, wata rana da sauƙi wata rana sai haƙuri. Ta ce ajiye aikin nan bai dame ta ba, illa dai yanzu za ta samu mai sa mata ido a kan gishiri daga safe har yamma.

Kai ne, Mai Lasisi, aka buɗe wa ɗakunan mutane shekara da shekaru ka fito hannunka wayam, bakinka a rufe. Kai ne ka iya shiga ba da sallama ba, amma ka tsaya a ƙofa kana neman izini har aka gaji aka ba ka. Kai ne ka faɗi gaskiyar da za ta iya juyowa kanka a gaban mai yanke hukunci, don kada ya yanke a kan rabin labari. Ka ga kuskuren ɗan'uwanka ka kira shi kuskure, sannan ka tsaya a gefensa har ya gyara. Ɗan amana, mai tafiya a hankali, Allah Ya ƙara wa idanunka haske, Ya ba Malama sauƙi, Ya sa hutun nan ya zama hutu.

Masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, ku nemi irinsa tun ƙofa tana hannunku, kuma in sun faɗa muku abin da ba ku so ji ba, kada ku huce a kan wanda ya fi kusa. Matasan da ke koyon wannan ilimi, ku sani abin da ke hannunku shi ne ke hannun wanda ya so kulle asibitin nan. Darasi ɗaya kuka ɗauka da shi, kayan aiki ɗaya kuke riƙewa. Abin da ya raba shi da Mai Lasisi ba a kwamfuta ake koyonsa ba, a gida ake samunsa, a kuma zaman da mutum yake yi da kansa.

Akwai waɗanda aka ƙara wa jinin da ya dace da su a wancan makon, akwai waɗanda aka ba maganinsu daidai ma'auni, akwai jariran da aka haifa aka sallame su lafiya. Sun koma gida, sun girma, sun ci gaba da harkokinsu, kuma ko sun haɗu da kai a hanya ba za su san akwai dalilin tsayawa ba. A madadinsu duka, mun gode.